Yadda Ake Tsamo Yauƙin Bakteriyar Kindirmo a Auna Ƙarfinsa na Antioksidan

Duk wanda ya taɓa ɗibar kindirmo mai kyau da ludayi ya ga yadda yake bin ludayin da ɗan yauƙi kafin ya tsinke. Wani ɓangare na wannan kauri daga furotin ɗin madara yake, wani ɓangaren kuma bakteriyar da ta kwantar da madarar ce take saƙa shi daga sukari ta fitar da shi bayan jikinta. Abin da take saƙawa doguwar sarƙa ce ta ƙananan sukari da aka ƙulla da juna, wadda masana ke kira folisakaraid, kuma saboda a waje ake samunsa, a rubuce-rubucen kimiyya ana taƙaita sunansa da EPS. A nan za mu riƙa ce masa yauƙi. Ɗalibai da yawa a sassan nazarin ƙananan halittu da na kimiyyar abinci suna zaɓar auna ƙarfin wannan yauƙi na antioksidan a matsayin aikinsu na kammala karatu, kuma aiki ne da ɗakin gwaji mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi. Wahalarsa ba ta samun lamba ba ce, domin na'ura ba ta hana kowa lamba. Wahalar ita ce tabbatar da cewa lambar ta yauƙin ce, ba ta tarkacen da ya biyo shi ba.

Abin da ake aunawa

A cikin jiki, da cikin abinci, akwai ƙwayoyin sinadari da ake kira radikal, waɗanda ke ɗauke da gwauron elektiron, wato elektiron da ba shi da abokin zama. Irin wannan ƙwaya ba ta natsuwa sai ta fizgo elektiron daga maƙwabciyarta, ko kitse ne, ko furotin, ko ƙwayar gado, ita kuma wadda aka yi wa fizgen ta lalace ko ta zama sabon radikal. Dangin wannan aiki ne yake sa man gyaɗa ya canja wari idan ya daɗe a buɗe. Antioksidan shi ne duk sinadarin da zai ba radikal abin da yake nema ya kwantar da shi, ko ya kama ƙarfen da ke haifar da shi tun kafin ya samu. Yauƙin bakteriya yana iya yin duka biyun gwargwado, amma ƙarfinsa ya danganta da tsawon sarƙar, da irin sukarin da ke cikinta, da kuma ko tana ɗauke da asid ɗin yuronik ko rukunan salfet da fosfet.

Yauƙin iri biyu ne. Akwai wanda aka gina da sukari nau'i ɗaya tak, kamar dekstiran da Leuconostoc mesenteroides ke yi daga sukarin rake, kuma irin wannan ana samunsa da yawa, har giram-giram a lita guda. Akwai kuma mai haɗe-haɗen sukari, kamar kefiran da Lactobacillus kefiranofaciens ke yi da gulukos da galaktos a cikin ƙwayoyin kefir (wani nau'in madara mai tsami), ko wanda Streptococcus thermophilus ke yi a yogot. Yawancin masu haɗe-haɗen nan kaɗan suke fita, daga miligiram gommai zuwa ɗaruruwa a lita. Sanin wannan tun farko yana hana mutum ya shuka mililita 50 sannan ya zauna jiran busasshen garin yauƙin da zai ishe shi gwaji biyar.

Ware bakteriyar

A samo kindirmo ko nono a kwalba mai murfi da aka riga aka tsarkake, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. Kada a yi gangancin tsamo yauƙi kai tsaye daga nonon kasuwa da sunan na bakteriya ne, domin wasu masu talla sukan ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka don nonon ya yi kauri da tsami, kuma 'ya'yan kuka suna da fektin, wanda shi ma folisakaraid ne da zai kwanta a etanol, ga kuma bitamin C mai yawa. Wanda ya auna wannan zai sami sakamako mai ban sha'awa, amma kuka ya auna. Haka kuma kada a ɗanɗana samfurin, saboda madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da Brucella ko ƙwayar tarin fuka ta shanu.

A zuba mililita 1 na samfurin cikin mililita 9 na ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.85 cikin 100, a ci gaba da sirkawa ninki goma-goma har sau shida, sannan a shimfiɗa na ƙarshe-ƙarshen a farantan MRS. Wannan abincin bakteriya ya samo sunansa daga de Man da Rogosa da Sharpe, waɗanda suka wallafa shi a 1960. A ƙara masa sukarin rake kashi 2 zuwa 5 cikin 100 idan ana neman masu yin dekstiran. A ajiye faranti a digiri 30 zuwa 37 na tsawon awa 48, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci. Idan babu tukunyar da aka yi domin haka, kwalba mai faɗin baki da aka kunna kyandir a ciki aka rufe tana wadatarwa ga yawancinsu.

Gungun bakteriya mai yauƙi yana sheƙi kamar an ɗiga masa ruwan ƙaro. A taɓa shi da zoben waya a ɗaga a hankali, idan ya ja zare da ya wuce milimita 5 kafin ya tsinke, a ware shi. A sake shuka shi sau biyu ko uku har ya zama shi kaɗai a faranti, a tabbatar yana riƙe rinin Gram, wato rinin da ake bambance bakteriya da shi, kuma ba ya kumfa idan an ɗiga masa haidurojin faroksaid mai ƙarfin kashi 3. A adana wani kaso cikin gilisarol kashi 20 a firiza, domin wasu daga cikin waɗannan bakteriya suna daina yauƙi idan aka yi ta dasa su daga faranti zuwa faranti.

Magana biyu game da suna. Ta farko, a 2020 an rarraba tsohon jinsin Lactobacillus zuwa jinsi 25, don haka wanda tsofaffin littattafai ke kira Lactobacillus plantarum yanzu Lactiplantibacillus plantarum ne, Lactobacillus fermentum kuma ya koma Limosilactobacillus fermentum; kuma ba a tabbatar da sunan sai da gwajin ƙwayar gado da ake kira 16S rRNA. Ta biyu, ba kowace bakteriyar nono ce firobayotik ba. Ma'anar da kwamitin masana na Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayar a 2001 ta ƙunshi cewa halittar tana raye, an sha ta da isasshen yawa, kuma ta amfani lafiyar mai sha. Wanda ya nuna cewa bakteriyarsa ta jure tsamin pH 2 zuwa 3 na awa uku da gishirin maɗaci kashi 0.3, abin da ya nuna shi ne tana da alamar cancanta, kuma haka ya kamata ya rubuta.

Shuka da tsamowa

A nan ne mafi yawan ayyuka suke karkacewa tun kafin a kai ga na'ura. Ruwan MRS yana ɗauke da tatsattsen yis da tatsattsen nama da fefton (furotin da aka farfasa), kuma tatsattsen yis yana da nasa folisakaraid, irin su manan, wanda zai kwanta a etanol daidai yadda yauƙin bakteriya zai kwanta. Bayan haka, idan aka dafa sukari tare da fefton a otokilef, wato tukunyar tururi ta tsarkake kaya, a digiri 121 na minti 15, ruwan yakan yi ja-ja saboda haɗuwar da Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, wadda ita ce take sa bayan burodi da tsire su yi launi, kuma abubuwan da wannan haɗuwa ke haifarwa suna kwantar da radikal. Maganin farko shi ne a tsarkake sukarin daban, a haɗa bayan sun huce. Magani na biyu, wanda ya fi kowane mataki a wannan jagora muhimmanci, shi ne a ware kwalba guda ta ruwan MRS da ba a shuka komai a ciki ba, a bi da ita ta kowane mataki tare da sauran, daga ɗumamawa har busarwa da aunawa. Wannan ita ce kwalbar shaida. Duk abin da ta nuna, ba bakteriya ce ta yi shi ba.

A shuka aƙalla lita guda, da iri kashi 1 zuwa 2 cikin 100 daga shukar da ta kwana, a bari awa 24 zuwa 48. Barinsa ya wuce kima ba riba ba ne, domin wasu bakteriyar suna fitar da enzayim da ke farfasa yauƙin da suka yi. Idan lokaci ya cika, a sa kwalbar cikin tafasasshen ruwa na minti 10 zuwa 15 don a kashe waɗannan enzayim, a bari ta huce, a juya a santirifuj, wato na'urar da ke juya kwalba da sauri har abu mai nauyi ya kwanta, a zubar da ƙwayoyin da suka kwanta. A rubuce-rubuce za a ga ƙarfin juyi 10,000 × g na minti 15 zuwa 20 a digiri 4. Wanda na'urarsa ta kan tebur ce da ba ta wuce juyi 4,000 a minti ba, sai ya tsawaita zuwa minti 30 ko ya maimaita har ruwan ya yi garau, ya kuma rubuta gaskiyar abin da ya yi.

Sai cire furotin. A zuba asid ɗin TCA, wanda ke kwantar da furotin, har ƙarfinsa a cikin ruwan ya kai kashi 4 zuwa 10, a motsa, a bari a sanyi na 'yan awoyi, a sake juyawa. Wannan mataki yana cin wani kaso na yauƙin, domin yakan kwanta tare da furotin, kuma ɗalibi yakan ji zafin asarar. Amma gara garin ya ragu ya tsarkaka, saboda furotin yana da amino asid irin su sistin da tairosin waɗanda ke ba da elektiron cikin sauƙi fiye da sukari, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya kumbura sakamako.

A ɗauki ruwan da ya tsaya a sama, a zuba masa etanol mai sanyi ninki biyu zuwa uku na yawansa, a kwanar da shi a digiri 4. Inda ake yawan ɗauke wuta, kula cike da ƙanƙara ta fi firijin da zai mutu da tsakar dare. Da safe za a ga farin abu ya kwanta, ko ya yi zare-zare kamar kaɗa, musamman idan dekstiran ne. A juya, a narkar da shi cikin ɗan tataccen ruwa, a sake kwantar da shi da etanol karo na biyu.

Mataki na gaba shi ne dayalisis, wato dabarar da ake wankin ƙoda da ita. A ɗura ruwan yauƙin cikin siririyar leda ta musamman mai ƙananan ƙofofi, wadda aka fi amfani da ita ita ce mai tsare duk abin da ya wuce kilodalton 12 zuwa 14, a ɗaure bakinta biyu, a nutsar cikin tataccen ruwa mai yawa a wuri mai sanyi na kwana biyu zuwa uku, ana canja ruwan sau biyu ko uku a rana. Sauran sukari, da asid ɗin laktik, da ragowar TCA, da gishirin manganis na MRS duk za su fice, sarƙar kuma ta tsaya. Ledar tana da tsada, kuma ita ce abu na farko da akan tsallake idan kuɗi ya yi ƙaranci, alhali kuwa wanda ya tsallake ta ba shi da ikon kiran garinsa tsarkakakke. Ɗanyen gari ne, kuma a rubuta shi da wannan suna. Busarwa ta hanyar daskarewa ita ce mafi kyau. Idan babu na'urar, a busar a oba da zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba, domin zafi mai yawa yana sa garin ya yi launi kuma ya ƙi narkewa.

Duba tsarkin garin

Kafin a taɓa wani radikal, a san abin da ke hannu. Yawan sukari ana auna shi da hanyar finol da asid ɗin salfurik da Dubois da abokan aikinsa suka wallafa a 1956: mililita 1 na samfuri, mililita 1 na finol kashi 5, sannan mililita 5 na asid mai cikakken ƙarfi da sauri, a karanta a na'urar auna hasken da launi ya tare, a zangon haske na nanomita 490, ana kwatantawa da gulukos. Kwalbar tana yin zafi nan take, finol kuma yana ƙona fata ba tare da an ji da wuri ba, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne. Furotin kuma a auna shi da hanyar Bradford ta 1976 a nanomita 595. Idan na'urar tana karanta hasken da ido ba ya gani, a duba nanomita 260 da 280. Tudu a ɗayansu yana nufin ragowar ƙwayar gado ko furotin. Garin da sukarinsa bai kai rabi ba, a koma a sake wanke shi.

Gwajin DPPH

Wannan shi ne gwajin da kowa ya fi yi, tun daga bayanin Marsden Blois a 1958. DPPH radikal ne mai launin shunayya wanda yake kwanciya ya koma ruwan ɗorawa idan ya sami haidurojin ko elektiron, kuma ana karanta raguwar launin a nanomita 517. Nauyin mol ɗinsa giram 394.3 ne, saboda haka miligiram 7.9 cikin mililita 100 na etanol ko metanol yana ba da ƙarfin milimola 0.2. A haɗa shi a ranar aiki, a naɗe kwalbar da takardar alminiyam domin haske yana kashe shi. A narkar da yauƙin a ruwa da ƙarfi daban-daban, misali miligiram 0.25, 0.5, 1, 2 da 4 a kowace mililita, a haɗa mililita 2 na kowane da mililita 2 na DPPH, a rufe, a ajiye a duhu na minti 30. Abin da takardun Turai da Sin ke nufi da zafin ɗaki kusan digiri 25 ne, ba zafin ɗakin gwaji a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, inda barasar za ta tsere daga buɗaɗɗiyar kwalba launin ya ƙara duhu. A toshe bakin kwalabe, a kuma rubuta zafin da aka yi aikin a ciki.

Akwai wani tarko a wannan gwaji wanda ya keɓanta da folisakaraid. Da etanol muka kwantar da yauƙin ɗazu, ga shi kuma yanzu muna zuba shi cikin etanol, don haka ruwan yakan yi hazo, hazon kuma yana tare haske, na'ura ta ɗauka launi ne. Dole a haɗa kwalabe uku: ta DPPH da ruwa kawai, a kira karatunta A0, ta DPPH da yauƙi, A1, da ta yauƙi da etanol babu DPPH, A2. A cire A2 daga A1, a raba da A0, a cire abin da ya fito daga 1, a ninka da 100. A ɗauka, don misali kawai, A0 ya ba da 1.00, A1 ya ba da 0.78, A2 kuma 0.12. Amsar ita ce kashi 34, alhali wanda bai yi kwalba ta uku ba zai rubuta kashi 22. Idan hazon ya yi yawa har ana ganin gudaji, a juya a santirifuj kafin karantawa.

A gefe guda a yi wannan gwaji da bitamin C. Za a ga yana kashe rabin launin da maikrogiram kaɗan a mililita, yayin da yauƙin ke buƙatar miligiram, wato bambancin ninki ɗaruruwa. Wannan ba gazawar aiki ba ce, haka tsarkakakken folisakaraid yake. Abin da ya kamata ya tayar wa mai bincike hankali shi ne ya ga yauƙinsa yana kafaɗa da kafaɗa da bitamin C, domin a lokacin ne ya kamata ya koma ga kwalbar shaida da sakamakon Bradford.

Sauran gwaje-gwaje

Gwaji ɗaya ba ya isa, kuma gwajin ABTS, wani sinadari da ake mayarwa radikal mai launi, ya fi dacewa da yauƙi saboda ana iya yin sa cikin ruwa. Bisa hanyar Re da abokan aikinsa ta 1999, ana haɗa ABTS milimola 7 da fotasiyam fasalfet milimola 2.45, a bari a duhu awa 12 zuwa 16 har ya yi launin shuɗi-kore, a sirka har karatunsa a nanomita 734 ya zama 0.70. Gwajin FRAP na Benzie da Strain, na 1996, yana auna ikon mayar da ƙarfe daga feri zuwa fero a nanomita 593, amma a ruwa mai tsamin pH 3.6, wanda ya yi nisa da na jini.

Gwajin radikal ɗin haiduroksil yana buƙatar fassara cikin hankali. Ana samar da radikal ɗin ta haɗa gishirin ƙarfe da haidurojin faroksaid, haɗuwar da Fenton ya lura da ita a 1894, a kama shi da asid ɗin salisilik a karanta a nanomita 510. Yauƙi yakan yi kyau a wannan gwaji fiye da DPPH, amma sau da yawa dalilin shi ne ya kama ƙarfen ya hana radikal ɗin samuwa tun asali. Don a bambance, a yi gwajin kama ƙarfe da ferozin a nanomita 562, ana kwatantawa da EDTA, sanannen sinadarin kama ƙarfe. Idan sakamakon biyu suna tafiya tare, an gano hanyar da yauƙin ke aiki, kuma wannan ya fi jerin kaso-kaso daraja a rahoto.

Lissafi da rubuta sakamako

Maimaici uku yana nufin shuka uku daban-daban, kowace da nata tsamowar. Karanta kwalba ɗaya sau uku yana nuna daidaiton na'ura ne kawai. Ana zana kaso a kan ƙarfin samfuri don a fitar da IC50, wato ƙarfin da ya kashe rabin radikal, amma idan mafi ƙarfin samfurin bai kai kashi 50 ba, kada a ja layi zuwa inda ba a auna ba. A rubuta cewa IC50 ya wuce miligiram 4 a mililita. Sakamakon kwalbar shaida ya fito a tebur ɗaya da na yauƙin, kusa da juna.

Wajen fassara, a tsaya iya inda gwajin ya tsaya. DPPH da ABTS radikal ne na ɗakin gwaji, babu su a jikin mutum, kuma doguwar sarƙar folisakaraid ba ta ratsa hanji ta shiga jini yadda take; yawancinta bakteriyar babban hanji ce take cinyewa ta mayar da ita gajerun asid. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye teburinta na ORAC, wanda ya jera ƙarfin antioksidan na abinci, saboda lambobin kwalba ba sa nuna abin da ke faruwa a jiki kuma 'yan kasuwa suna talla da su. Saboda haka ba daidai ba ne rahoto ya tashi daga kashi 34 a DPPH ya sauka a kan rigakafin ciwon daji ko ciwon sukari. Mataki na gaba ga wanda yake da hali shi ne ƙwayoyin hanjin ɗan Adam da ake renowa a ɗakin gwaji, masu suna Caco-2, da aka jikkata da haidurojin faroksaid, ko ɓerayen da aka ɗura wa galaktos, inda ake auna enzayim na kariya irin su SOD da katalas da kuma sinadarin MDA da ke nuna lalacewar kitse. Ragowar garin a zuba shi a ƙaramar kwalba mai duhu, a rufe tam tare da abin tsotse danshi, a rubuta sunan bakteriyar da ranar tsamowa a jiki, domin yana jan laima da sauri a damina, kuma garin da ya sha laima nauyinsa ba zai yi daidai da na farko ba idan aka zo maimaita gwaji.